Fitilar Da Mmoloki Ya Raina

Akwai wani mutum mai suna Mmoloki, yana da shanu a wata ruga can bayan garin Letlhakeng, yana kuma da a-kori-kura sabuwa dal wadda yake ji da ita kamar me.

Hanyar rugar yashi ce zalla. Kowa a nan ya san sai ka rage wa tayoyi iska kafin ka shiga, in ba haka ba ka kafe. In ka fito kwalta kuma sai ka mayar da iskar.

To motar Mmoloki irin ta zamani ce. Da ya rage iska sai wata 'yar fitila ruwan ɗorawa ta kama a gabansa. Tun tana damunsa har ya saba da ita. Yakan ce wa abokai, "Wanda ya ƙera motar nan bai taɓa ganin yashi ba. Fitilar nan baƙuwa ce, ni ne ɗan gari."

Mahaifiyarsa tana zaune a rugar, ciwon yanar ido ya rufe mata ido biyu. Sai aka ji likitocin ido sun zo asibitin garin Molepolole na ɗan lokaci, aka sa sunanta a ranarsu ta ƙarshe. In ta wuce, babu wanda ya san ranar dawowarsu.

Da safe ya ɗauko ta tare da matarsa Segomotsi. Suka ratsa yashin lafiya, suka hau kwalta, fitila tana nan a kunne.

Da suka zo gidan mai, Segomotsi ta ce, "Baban Lesedi, ba za ka tsaya a sa iska ba?"

Ya leƙa, ya ga motoci sun yi layi a wurin iska.

"In bi layin nan? A bayan wannan akwalar? Za mu makara."

"Fitilar fa ba ta mutu ba."

"Da ke da ita bakinku ɗaya ne, ba ku gajiya. Yaushe kika zama makanike?"

Ta juya fuska waje. Ba yau ta fara jin irin wannan ba.

Daga baya tsohuwa ta ce, "Ɗana, motar nan tana tafiya kamar saniya mai ciwon kofato. A jikina nake ji."

Ya yi dariya. "Mma, kwanta ki huta. An jima za ki ga motar da idonki, ki yaba."

Ya taka mota. Rana ta ɗaga, kwalta ta ɗau zafi. Taya mai ƙarancin iska ba ta son gudu a kan zafi, lanƙwashewa take yi tana ƙara zafi daga ciki. Mmoloki ya san wannan sarai, rainawa kawai ya yi.

Sun yi nisa da gari sai suka ji ƙara, fau! Tayar baya ta tarwatse. Mota ta yi hagu ta yi dama, ya riƙe sitiyari da ƙyar har ta tsaya cikin ciyawa. Allah ya kiyaye, ko ƙwarzane babu wanda ya samu.

Ya sauko da safaya yana huci. Ya danna ta da ƙafa, ta lotsa, ita ma babu iska. Tun da ya sayi motar bai taɓa duba ta ba.

Segomotsi ta fito daga mota. Ta shimfiɗa zane a gindin wata bishiyar ƙaya, ta kamo hannun surukarta ta zaunar da ita.

Mmoloki ya tsaya bakin titi yana ɗaga hannu. Motoci ba su da yawa a hanyar, waɗanda suka zo kuma a cike suke. Sai bayan rana ta karkata wani mai ɗaukar awaki ya tsaya ya kwashe su.

Da suka isa asibiti, ana loda kayan likitocin a mota. Ya roƙa, ya yi bayani. Wata nas ta ce masa cikin ladabi an kira sunan tsohuwa har an gaji, an riga an rufe aiki.

Ya dawo inda mahaifiyarsa take zaune a kan benci, ya durƙusa a gabanta. Ya sunkuyar da kai don kunya. Ta laluba har ta samu kansa, ta dafa.

"Sun tafi ko?"

"Sun tafi, Mma."

Sai ta ce, "Ni dai an san yana ce ta rufe min ido. Kai kuma me ya rufe naka?"

Darasi: Gargaɗi ba ya zama ƙarya don kawai ka gaji da jin sa. In fitilar taya ta kama, tsaya ka duba iska, ka duba safaya, kuma ka saurari wanda ke zaune kusa da kai. Sau da yawa ba mai taurin kai ne yake ɗaukar asarar ba, wanda ya dogara da shi ne. Tura wa duk direban da ka sani, musamman mai cewa ya san motarsa.