Ankon Sallau a Hubbare

Ku ajiye wayoyin nan ku matso, na zo muku da wata, kuma ba ta Gizo ba ce. In na ƙare ku za ku yanke hukunci, wanda ba shi da ta cewa kada ya taɓa mini gyaɗar nan.

Akwai wani tela a Funtuwa, Sallau, mutum ne mai son a ce ya iya tsari. Wata shekara ya ce zai kai gidansu kaf ziyara Hubbare a Sakkwato, har da ƙananan yara, su ma su kwaso albarka. Ya yi shatar bas. Da yake sana'arsa ce, ya sayo shuɗin yadi ya ɗinka wa yara maza anko, riga da wando da 'yar hula, wai ko a tsakiyar taro za a hango nasu daga nesa. Ya yi ta yabon kansa a kan wannan dabara har kunnuwan mutane suka gaji.

A motar akwai mahaifinsa, Baba Malam, da matarsa Hanne, da ɗansu na fari Nafi'u, ɗan shekara huɗu. Akwai yayar Sallau, Gwaggo Saude, wadda ba ta da yawan magana sai kallo. Akwai Rakiya matar wansa, 'yar kasuwar albasa, wadda in ta ɗaga waya har na bayan gida sai ya ji. Sai Iya Barira, tsohuwar maƙwabciyarsu da aka ɗauka don neman lada. Sauran duk yara ne, 'ya'yan wannan da jikokin wancan.

Ba a bar Funtuwa da nisa ba yara suka fara tambayar ko an iso. Wannan ya ce fitsari, wancan ya ce an zaune masa hula. Iya Barira ta yi ta ba su waƙa suna amshi, direba na ƙunƙuni. Da aka isa, aka tuɓe takalma a bakin ƙofa, kowa ya nutsu. Baba Malam ya ɗaga hannu yana addu'a har da hawaye, don tun yana saurayi yake burin zuwa wurin. Ana tsakiyar shafawa Nafi'u ya tambaya da ƙarfi ko a nan ne ake raba abincin. Manya suka danne dariya da ƙyar.

Bayan azahar aka fito aka shimfiɗa tabarmi a inuwar dalbejiya kusa da inda motoci ke tsayawa. Aka ci dambu, aka sha fura. Manya suka bazu sayen tsaraba, dabino da carbi da turare, yara kuwa barci ya kwashe su. To, ashe yadin nan na Sallau ba shi kaɗai aka saƙa wa ba. Wani ayari a inuwar gefe, su ma shi suka ɗinka wa nasu yaran. Yara kun san su, tuni sun cakuɗe wajen wasa, barci ya kama kowa inda ya same shi.

Da lokacin tafiya ya yi, Sallau ya riƙa ɗaukar masu barci yana jerawa a kujerar baya, hula rufe da fuska. Ya ƙirga kawuna, suka cika cif. Ya ce da direba a tafi, ai shi aikinsa ba ya buƙatar a sake dubawa.

Hanne tana kujerar tsakiya. Ta waiwaya ta hangi ƙafar yaron da aka kwantar a wurin Nafi'u tana lilo, ta ga sam ba ta san wannan ƙafar ba. Ku 'yan yanzu ba za ku gane ba. Hanne irin matan nan ce masu kunyar ɗan fari. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa nuna ta damu da shi a gaban mutane ba, balle ga surukinta zaune a gaba. Ta daure ta ce a hankali, "Yaron nan fa." Sallau ya ce wane yaro, ai yara ne cike da mota. Bakinta ya yi nauyi, ta sunkuyar da kai. Ina jin haushinta, ina kuma jin tausayinta, don haka aka rene ta.

Mota ta yi ta gudu har aka kusa Dange, kowa na hirar ziyara. Gwaggo Saude ce kaɗai ta lura Hanne na waiwaye tana goge ido da bakin mayafi. Ta yi lissafi a ranta cewa yaro ɗaya ne tak a duniya da Hanne za ta yi wa kuka ta kasa faɗin sunansa. Ba ta tambayi kowa ba, ta buga jikin mota ta ce direba ya tsaya. Ta tsallake buhunan tsaraba ta ɗaga hular yaron da Hanne ke kallo, sai ga fuskar da ba ta ɗan gidansu ba. Mota ta kaure da salati. Da ba don Saude ba, da sai an sauka a Funtuwa za a sani.

Aka juya Sakkwato a guje. Inuwar nan wayam, ayarin sun tafi, kuma babu wanda ya san daga ina suke, don ranar motoci sun zo daga ko'ina. Baƙon yaron ya farka ya ga baƙin fuskoki, ya kulle bakinsa. Sallau ya tambaye shi garinsu cikin tsawa, ya fashe da kuka. Baba Malam ya lallashe shi da dabino, ya karɓe dabinon bai ce uffan ba. Iya Barira ta ce duk su ba ta wuri. Ta ɗora shi a cinya ta fara yi masa wasan kaka da jika, tana kiransa angonta, tana cewa wannan miji ko kuɗin cefane ba shi da shi, ita ta fasa auren. Yaro ya fara murmushi. Ta ce, "To Ango, in an ɗaura, wane gari za ka kai ni? Ni fa ba na zaman ƙauye." Ya tura baki ya ce Ƙwanni ba ƙauye ba ne, kuma shi ba ya son mata marar haƙora. Jama'a suka yi dariya da hawaye a fuska. Da ba don Iya Barira ba, da ba a san gabas za a nufa ko yamma ba.

Amma dariyar ba ta daɗe ba. Ƙwanni fa a Nijar take. Motar ayarin nan, da Nafi'u a ciki, ta daɗe da kama hanyar Illela, ko tashi sama aka yi ba za a cim mata kafin ta tsallake iyaka ba. Nafi'u ko sunan unguwarsu bai iya faɗa daidai ba. Sallau mai tsari ya zauna a ƙasa ya ɗora hannu a ka. Nan Rakiya ta ciro wayar nan da ake yi mata gori a kanta. Illela kasuwarta ce, babu wanda bai san muryarta ba. Ta kira ƙawarta mai rumfar albasa, ta kira masu lodi, ta kira mai shayin bakin tasha, ta ce duk motar da ke ɗauke da yara masu shuɗin anko a tare ta ko da kwanciya a titi ne. Suka fito suka jeru a hanya. Aka tare motar ana hangen shingen iyaka. Da ba don Rakiya ba, da Nafi'u ya kwana a wata ƙasa.

Da su Sallau suka isa, suka tarar mutanen Ƙwanni sun rikice, sai da aka tare su suka gane abin da suka ɗauko. Uwar wancan yaron ta fizge ɗanta tana kuka. Nafi'u kuwa yana zaune a bencin mai shayi, baki duk madara, yana ba masu lodi labari. Hanne ta sauko daga mota ta hango shi. A gaban surukinta, a gaban mijinta, a gaban duk mutanen tasha ta ɗaga murya ta ce, "Nafi'u!" Yaron ya tsaya yana waige-waige, don bai taɓa jin sunansa da wannan muryar ba. Baba Malam ya juya baya yana gyara rawani, ya yi kamar bai ji ba, idonsa ya yi ja.

Watanni suka wuce, Hanne ta haifi 'ya mace. Sallau ya ce ba shi da abin da zai saka wa wadda ta dawo masa da ɗansa sai ya yi mata takwara. Aka zauna shawara, gida ya rabu uku. Wasu suka ce Saude, don ita ta ji maganar da Hanne ta kasa faɗa. Wasu suka ce Barira, don ita ta buɗe bakin da ya gagari maza. Wasu suka ce Rakiya, don ita ta tsayar da mota tana wani gari. An sayo rago, an raba goro, liman ya zauna yana jira, jaririya kuma ɗaya ce.

To, na bar muku. Saude, Barira ko Rakiya, sunan wa za a raɗa wa yarinyar nan?