Arzika Mai Fito da 'Yan Ƙwallon Ƙetare

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari can bakin gulbi, tun kakanninmu suna samari. Sunansa Arzika, sana'arsa fito, wato tsallakar da mutane ruwa a kwalekwale. Ku saurara fa! Hajjo, ajiye tankaɗen nan, garin ba zai gudu ba.

Garin su Arzika da garin ƙetare gulbi ne kawai ya raba su, amma ba sa ga maciji. Asalin abin langa ce. Duk kaka samari su haɗu, kowa ya kama ƙafa ɗaya yana tsalle, a yi ta bangazar juna, a tashi da fasasshen kai. Da ƙwallon ƙafa ta shigo, sai gabar ta koma can. 'Yan ƙetare su ci, su ci, su ƙara ci. Garin su Arzika kuwa ko hannun kofi ba su taɓa riƙewa ba.

To, wata shekara sai Allah ya kai su wasan ƙarshe da 'yan ƙetaren, kuma a filin garin su Arzika za a buga. Golansu kuwa Nomau ne, ɗan Arzika na cikinsa. Ranar aka wayi gari gulbi ya cika ya batse, mashigin da ake bi da ƙafa ya nutse. Ga kuma doka: ƙungiyar da ba ta iso fili ba har aka yi la'asar, an cinye ta.

Sai ga shugaban ƙungiyar garin, Alhaji Ɗanmalka, ya gangaro bakin ruwa yana murmushi. Ya ce wa masu fito, "Yau hutu ne. Kowa ya ja jirginsa tudu." Kowa ya ja. Arzika dai yana tsaye da sandar tuƙinsa, yana kallon samari can ƙetare suna ɗaga riguna suna kira.

Ya ce, "Alhaji, ga mutane can suna kiran jirgi."

Alhaji ya ce, "Kunnenka ne ke ƙaiƙayi, Arzika. Ni ban ji komai ba."

Nomau ya sheƙo a guje, takalmin ƙwallo rataye a wuya. Ya ce, "Baba, don girman Allah, yau kaɗai. Ka bari mu ma a yi mana guɗa sau ɗaya."

Ku saurara, a nan fa abin yake. Ɗanka ne, hawaye a idonsa. Ni da ni ce, wallahi ban san me zan yi ba.

Arzika ya ce, "Nomau, tunda na kama sandar nan ban taɓa tambayar mai kira ɗan wane gari ne ba. In kun ɗau kofi su suna tsaye can, wa kuka ci? Gulbi?"

Ya tura jirgi. Ya je ya dawo, ya je ya dawo, ruwa na jansa yana ja, har ya kwashe su kaf. Kyaftin ɗinsu, wani dogo wai shi Jabbi, ya ƙanƙame gefen jirgi ya ce, "Baba, ba dai a tsakiya za ka juye mu ba?"

Arzika ya ce, "Zauna daidai, sarkin tsoro. In juye ku zan yi, me ya kai ni jiƙa wandona?"

Aka buga wasa. Kuna tsammanin garin su Arzika ne suka ci, ko? Ina! 'Yan ƙetare suka zura wa Nomau ƙwallo, suka ɗau kofi, kuma Arzikan ne ya mai da su gida suna waƙa a jirginsa.

Daga ranar gari ya juya masa baya. Mutum ya gwammace ya yini a rana yana jiran wani jirgi da ya shiga nasa. Matarsa Ige ta je rijiya, mata su ce, "Sannu matar ɗan ƙetare." Wanda ya fi ciwo, Nomau ya daina cin tuwo tare da shi. Ige ta ce, "Malam, ka je ka ba su haƙuri mana." Ya ce, "Haƙurin me, Ige? Ki dai zuba wa yaron tuwonsa ki rufe, kar ya huce." Kullum ya gangara bakin ruwa, kullum ya zauna. Bai zagi kowa ba.

Ana nan sai hukuma ta ce za a yi gasar gundumomi, ƙwallo da langa, kuma kowace gunduma ƙungiya ɗaya za ta kawo. Ga garuruwan nan biyu gunduma ɗaya ne! Aka zauna don haɗa ƙungiya ɗaya, aka kusa dambe. Sai Jabbi ya miƙe ya ce, "Mu a garinku mutum ɗaya muka yarda da shi. In Baba Arzika ne zai riƙa kawo mu atisaye yana mai da mu, mun shiga. In ba shi ba, a bar maganar."

Alhaji Ɗanmalka da kansa ya gangara, yana ta gyaran murya, ya rasa ta inda zai fara. Arzika ya ce, "Alhaji, kar ka wahalar da bakinka. Jirgi yana nan."

Ranar atisayen farko ya kama sanda zai tura, sai ya ji an riƙe ta ta baya. Nomau ne, kansa a ƙasa. Ya ce, "Baba, kawo. Kafaɗarka ta gaji." Tsohon nan ya sakar masa, ya zauna a gindin jirgi yana ta kallon ruwa don kar a ga idonsa.

Shekarar nan Nomau a raga, Jabbi a gaba, suka ɗauko kofin ƙwallo. 'Yan langa ma suka ɗauko nasu bayan 'yan shekaru. Ƙungiyar har yau tana nan, kuma albishirinku! Baban wannan 'yar da ke bayana an ɗauke shi a ciki, jiya ya shigo da rigar ƙungiyar a jikinsa, na hana shi cirewa!

To 'yan uwa, abin da nake so ku riƙe ke nan. Gaskiya takan sa a ƙi ka yau, har na cikin gidanka, amma ranar da aka nemi wanda za a yarda da shi, ƙofarka za a buga. Ke da ba kya magana da maƙwabciyarki, in kin ji ta tana kira ta bayan katanga, kar ki ce ba ki ji ba. Ki amsa. Allah ya ba mu zuciya irin ta Arzika. Ku ce amin mana!