Ranar da Aka Yi wa Hawainiya Gorin Tuwo

Dalilin da ya sa hawainiya ba ta cin abincin hannun mutum shi zan faɗa muku yau, don na gaji da kallon abin da kuke yi. Ku zauna, kuma ku yar da tsinken nan da kuke tsokanarta da shi. Kwana uku ke nan kun kife 'yar mitsitsiyar halittar nan da kwando, wannan ya tura mata tuwo, wancan ya jefa mata matacciyar fara, ita kuwa ta yi baƙi ƙirin ta juya muku baya. Ke Zulai har da hawaye, wai ba ta da lafiya. Lafiyarta ƙalau. Fushi take yi, kuma fushin ya girme ku, ya girme ni, ya girmi kakata da ta ba ni labarin.

A can da, hawainiya ba haka take ba. Ƙiba gare ta, harshenta guntu irin na kowa, kuma duk abin da mutum ke ci tana ci. Tuwo ne, ɗanwake ne, fura ce, ba ta zaɓe. Tana shiga gidajen mutane ta fita yadda kyanwa ke yi, ba mai jifarta.

A wani ƙauye akwai wata mata mai suna Kuluwa, mai saƙar faifai. 'Ya'yanta duk sun girma sun watse, gida ya yi mata faɗi. A bayan ɗakinta akwai bishiyar lalle, a kanta wata tsohuwar hawainiya take zaune da 'ya'yanta. Da yake maƙwabta ne, sai ƙawance ya shiga tsakaninsu. Kuluwa na saƙa a inuwa, hawainiya na kan reshe, suna hira har rana ta karkata.

Ran nan Kuluwa ta ce, "Ƙawata, kaɗaici zai kashe ni. Ki ba ni autarki in riƙe."

Uwar hawainiya ta juya ido ɗaya ta dubi 'yarta, ta juya ɗayan ta dubi Kuluwa. Can ta ce, "Ba na hana ki, ɗa na kowa ne. In ta yi laifi ki tsawata mata, in ta ƙi ji ki sa bulala, ba zan ce miki don me ba. Abu ɗaya na roƙe ki. Kada ki yi mata gorin abin da ta ci a gidanki. Mu zuriyarmu muna ɗaukar duka, ba ma ɗaukar gori."

Kuluwa ta dafa ƙirji. "Ni? Gorin abinci? Haba ƙawata, sai ka ce ba 'yar mutunci ba! Allah ya kiyashe ni."

Haka Auta ta koma ɗakin Kuluwa. Gaskiya ba zan ci zalin Kuluwa ba, da farko ta riƙe ta riƙon Allah. Da hannunta take gutsuro tuwo ta mulmula 'yar loma ta sa mata a baki. In ta dama fura sai ta zuba a tafin hannu ta miƙa mata. Auta na kiranta Inna, tana bin ta ko'ina, ta yi ɓul-ɓul da ita.

To, ita Auta tana da wani wasa. In Kuluwa ta baza kabar da ta rina, sai ta hau kai ta kwanta, jikinta ya ɗauki launi, nan ja, nan kore, nan ruwan ɗorawa, a jere cikin wani tsari da ba wanda ya taɓa gani. Kuluwa ta riƙa kallon bayan Auta tana saƙa abin da ta gani. Kafin a ce me, faifan Kuluwa ya yi suna. Daga garuruwa masu nisa ake zuwa nema. Kun san halin ɗan Adam in an fara yabonsa. Kan Kuluwa ya kumbura, ta fara cika baki a bakin rijiya cewa tana da 'yar da ba mai irinta, kalma ɗaya za ta yi mata ta rikiɗe launi bakwai.

Wata dillaliya mai suna Yalwa, wadda ke kai faifan Kuluwa kasuwanni, ta ji wannan magana ta ce ita sai ta gani da idonta. Aka sa rana. Yalwa ta zo da hantsi, ba ita kaɗai ba, ta kwaso mata sun fi goma, tsakar gida ya cika.

Abin da Kuluwa ba ta kula da shi ba, a kwanakin nan Auta tana saɓa. Hawainiya in tana girma takan tuɓe tsohuwar fata yadda maciji ke yi, kuma a lokacin jikinta yakan yi fari-fari kamar an barbaɗa mata toka, ga ƙaiƙayi, ga kasala. Tun da safe ta ce, "Inna, yau jikina ba daɗi." Kuluwa ta ce, "Daure dai, baƙi ne za su zo."

Aka shimfiɗa kaba mai launi-launi a tsakar gida. Kuluwa ta ɗora Auta a kai, ta sa mata lomar tuwo a baki don ta lallashe ta, ta ce, "To 'yata, nuna musu."

Auta ta yi iya ƙoƙarinta. Ta yunƙura, ta kumbura, launi ya ƙi fitowa. Aka jira, aka jira, shiru. Wata daga baya ta yi tsaki. Yalwa ta kama haɓa ta ce, "Au, wannan ce mai launi bakwai ɗin? Ni dai ɗaya na gani, shi ma na toka." Mata suka tuntsire da dariya.

Nan fa Kuluwa ta hasala. Maimakon ta ce wa baƙinta yarinya ba ta da lafiya, ku dawo wani lokaci, wanda shi ne abin da duk mai hankali zai yi, sai ta huce a kan marar ƙarfi. Ta miƙe tsaye ta nuna Auta da yatsa.

"Ke! Ni za ki kunyata? Da uwarki ta kawo ki me kike da shi ban da ƙashi da fata? Wa ya ciyar da ke kika yi wannan ƙibar? Tuwona ne a cikinki, furata ce a wuyanki! Kullum ki buɗe baki in zuba, ba godiya, yau ɗaya na nemi abu a wurinki kin kasa. Asarar hatsi!"

Ta sa ƙafa ta ture akushin tuwon da ke gaban Auta, kaji suka rufar masa.

Dariyar matan ta ɗauke. Ko Yalwa mai bakin tsiya sai da ta sunkuyar da kai, don kowa ya san an wuce gona da iri. Auta kuwa lomar nan tana bakinta, ba ta haɗiye ba. Ta buɗe baki a hankali ta ajiye ta a ƙasa, a gaban Kuluwa, a gaban kowa. A ranar aka fara ganin hawainiya ta yi baƙi don ɓacin rai.

Da baƙi suka watse, zuciyar Kuluwa ta sauka. Ta tuƙa sabon tuwo ta kawo. "Zo ki ci." Auta ta juya kai. Kashegari ta dama fura da nono mai kyau, Auta ta juya kai. Ta soya nama, ta nemo zuma, ta yi dambu, duk a banza. In ta matso da hannu sai Auta ta wage baki ta yi mata huci.

Kalma biyu kacal ake nema a wurin Kuluwa, na tuba, amma girman kai ya hana ta. Ita a ganinta babba ba ya ba yaro haƙuri. Sai ma ta ƙara wata ɓarnar. Tsoro ya kama ta kada Auta ta koma bishiyar lalle ta faɗa wa uwarta, don haka ta ɗauko kwando ta kife ta, ta ɗora dutse a kai. Irin dai abin da kuka yi, har dutsen ba ku manta ba. In uwar ta leƙo daga reshe ta tambayi 'yarta, sai Kuluwa ta ce barci take yi.

Kwana bakwai Auta ba ta sa komai a bakinta ba. Ƙibar nan ta zube, cikinta ya manne, jikinta ya shafe ta gefe da gefe kamar ganye, ƙashin bayanta ya fito. Mutuwa ta zo kusa da ita ƙwarai.

Uwa ba a yi mata ƙarya ta daɗe. Tsohuwar hawainiya ta sauko daga bishiya, ta ratsa tsakar gida da tafiyarta ta a hankali, ta tsaya a bakin kwandon. Ta leƙa ta tsakanin saƙa ta ga 'yarta. Ta ɗaga murya.

"Kuluwa! Fito ki ɗage kwandon nan."

Kuluwa ta fito tana kame-kame. "Ƙawata, ai yarinyar ce da taurin kai, wallahi ba abin da ban ba ta ba..."

"Na ce ki ɗage!"

Ta ɗage. Auta ta rarrafo da ƙyar ta raɓa jikin uwarta.

Uwar ta ce, "Na ba ki bulala, na ba ki faɗa, abu ɗaya na hana ki. Ni na roƙe ki ki ɗauke ta? Ke kika zo kina kukan kaɗaici. Kin ci moriyar bayanta har sunanki ya kai inda ƙafarki ba ta taɓa zuwa ba, ita ba ta yi miki gori ba, sai ke za ki yi mata na tuwo? Tuwon banza tuwon wofi!"

Kuluwa ta ruga ɗaki ta zubo fura a tafin hannu, ta durƙusa ta miƙa. Da a nan ta ce na tuba, da wataƙila yau hawainiya na cin tuwo tare da ku. Amma ku ji abin da ya fito daga bakinta.

"Auta, don Allah ki sha ko kaɗan, kada mutanen gari su ce na kashe 'yar riƙo da yunwa."

Auta ta ɗaga kai. Muryarta ta dushe, amma an ji ta sarai. "Inna, ashe har yanzu ba ni kike ji ba, bakin mutane kike ji."

Ana cikin haka wani ƙuda ya zo ya sauka a kan furar da ke hannun Kuluwa. Yunwa ta murɗa cikin Auta. Ta ƙura wa ƙudan ido, amma ta rantse a ranta ba za ta matsa kusa da hannun nan ko taku ɗaya ba. Ta jira sai da ƙudan ya tashi sama. Daga inda take ta miƙa harshe da dukan ƙarfin da ya rage mata, ta miƙa, ta ƙara miƙawa, har wani abu ya saki a maƙogwaronta. Harshen ya harba ya fi tsawon jikinta, ya cafko ƙudan a iska ya dawo. Ta haɗiye.

Ta dubi Kuluwa ta ce, "Wannan ba naki ba ne. Ba ke kika shuka shi ba, ba ke kika daka shi ba. Sai ki yi mini gorinsa in gani."

Uwar ta ce, "Haka za a yi daga yau. Ba ɗan hawainiyar da zai ƙara cin abin da hannun mutum ya miƙo, ko abin da aka kashe aka ajiye masa, ko ya sha ruwan ƙwarya. Abin da ke tashi da fiffikensa za mu ci, raɓar da Allah ya saukar kan ganye za mu sha." Ta sa 'yarta a gaba suka hau bishiyar lalle, suka bar Kuluwa durƙushe, fura na zuba ta tsakanin yatsunta.

Da na sani ƙeya ce. Kuluwa ta yi kuka har idonta ya kumbura, ta ba da haƙurin da ta ƙi bayarwa, a gindin bishiya, da babbar murya, ba wanda ya amsa mata. Da rani ya yi tsanani, raɓa ta ɗauke, ƙwari suka yi wuya, sai ta ga Auta a kan reshe tana ƙara ramewa. Ta san in ta miƙa hannu ba za a karɓa ba. Sai ta riƙa fitowa da sassafe ta yayyafa wa ganyen lalle ruwa, ta ajiye ɓawon mangwaro a gindin don ƙudaje su taru, ta koma ɗaki da sauri ta saki labule kada a gan ta. Ta huda 'yar kafa a jikin labulen, ta nan take leƙen Auta tana lasar ruwa a ganye. Haka ta yi har ta tsufa, kuma bakin nan nata mai cika bai taɓa faɗa wa kowa ba. Kakata ta ce Auta ta san ba raɓa ba ce. Ta sha, amma ba ta sake ce mata Inna ba.

Shi ya sa har yau in ka kama 'yar hawainiya ka tsare, za ta yi baƙi, ta wage baki ta yi maka huci, ta gwammace ta mutu da yunwa da ta karɓi loma a hannunka. Zulai, share hawayenki ki ɗage kwandon nan. Ki kai ta kan zogalen bayan gida, ki yayyafa wa ganyen ruwa, sannan ku matsa can nesa dukanku. In ta ci, kada in ji wanda ya ce shi ya ba ta.