Numfashi Uku na Iya Gwamma

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo, kunnuwanmu na jira.

A zamanin da, lokacin da garinmu bai wuce gida goma ba, an yi wata tsohuwa, Iya Gwamma. In ta ja numfashi sai ta ce Allah, in ta sauke ta ce Allah. Jika ɗaya gare ta, Tasalla, kuma Tasalla ba ta da kowa sai ita.

Ran nan ciwo ya kwantar da Iya, numfashi ya soma yi mata wuya. Tasalla ta ɗauki ƙwarya ta fita nemo mata numfashi.

Ta je wurin maƙeri. Ya ce iskar zugazuginsa wuta kawai take tayarwa.

Ta je wurin makiyayi. Ya ce iskar sarewarsa shanu kawai take kira.

Ta yi tafiya, ta yi tafiya, har ta tarar da Iska kanta tana hutawa a gindin gawo. Ta durƙusa ta gaishe ta, ta miƙa ƙwarya. Iska ta ce ita 'yar aike ce, Mai Sama ke rabawa, kuma numfashi uku kaɗai ya rage wa Iya.

Tasalla ta ce a ɗebi nata a ƙara mata. Iska ta ce ba a yin haka.

Sai yarinya ta ce, "Baba Iska, an ce uku. An faɗi tsawonsu?"

Iska ta yi dariya har ganye ya zubo. Ta ce ba a faɗa ba, don haka za ta tsawaita su.

Na farko ya kai damina guda. A cikinsa Iya ta koya wa Tasalla shuka da salla.

Na biyu ya kai kaka guda. A cikinsa suka yi sussuka tare, suka yi waƙa, suka ci tuwon sabon gero.

Na uku ya kai ƙarshen rani. Da hadarin farko ya haɗo, Iya ta kira Tasalla, ta dafa kanta, ta yi kalmar shahada, ta hura mata sauran a goshi. Shi ke nan ta cika.

Tasalla ta yi kuka, amma ba ta ƙara jin ita kaɗai ce ba. Daga Iya kakanni suka gaji tofa wa jikoki addu'a, kamar yadda tawa kakar take yi mini.

Numfashi aro ne, yara. Ku ja shi da sunan Mai shi.

Ƙurunƙus, nan ta tsaya, kan kusu ya ishe ku.