Bushiya da Tohon Kututture

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu ji ta.

Shekarar da masu gatari suka share daji ƙarƙaf, dabbobi suka watse. Ɗan Bushiya ya ce, "Inna, tashi mu tafi."

Ta ce, "Yi gaba, ɗan nan. Kututturen nan ya yi toho, in na matsa Akuya za ta cinye shi."

Ya tafi yana gunaguni.

Bayan shekaru ya dawo, yana tsoron kada dai rana ta kashe tsohuwa a fili. Sai ga kurmi! Kirya da marke sun haɗa kai, ya ɗaga ido bai ga sama ba. Ya gamu da Akuya, leɓenta duk tabo.

"Gwaggo, wa ya shuka wannan?"

"Wace shuka? Ai saiwa ba ta mutu ba. Uwarka ce ke bin kututture tana dunƙulewa a jikin toho. Ina kai baki, sai ƙaya!"

Can bakin kurmi ya sami uwar tasa, ta tsufa tukuf, dunƙule da wani ɗan toho. Ta ce, "Sannu da hanya. Ga wani kututture can, je ka dunƙule."

Ƙurunƙus kan ɗan kusu, tatsuniya ta koma kurmi.