Aljanin da Ya Nemi Kamanninsa

A wani zamani mai tsawo da ya shige, can bayan tekun da jirage ba sa kaiwa, an yi wani sarki mai suna Jatau, mai mulkin Birnin Marmara, wanda ya shahara da marina da gine-gine masu ado. Wata safiya aka wayi gari launi ya ƙaura daga ƙasar baki ɗaya. Sama ta koma toka-toka, ganye toka-toka, har mai sayen mangwaro sai ya gatsa kafin ya san nunanne ne ko ɗanye. Marina suka tashi, Sarki kuwa baƙin ciki ya hana shi sakat.

Wanda ya yi wannan aika-aika wani aljani ne mai suna Gurmuzu, mazaunin kogon Dutsen Amo, ya tattara launukan ya ɗura a cikin gora. Da aka aika a tambayi buƙatarsa, sai murya ta fito daga kogon da kalma ɗaya tak: "Kamanni."

Manzo ya dawo ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Ranka ya daɗe, cewa ya yi, kama ni." Sarki ya harzuƙa, ya tura dakaru da sarƙoƙi. To, wa ya taɓa ɗaure hayaƙi? Suka dawo wujiga-wujiga.

Sai 'yar Sarki, Gimbiya Ramlatu, mai kaifin basira, ta durƙusa ta ce, "Allah ya ja zamanin Baba, ba kamu yake nema ba. Aljani ba ya ganin kansa a madubi. Kamanninsa yake so a nuna masa, kuma na san wanda zai iya."

Tanimu take nufi, wani saurayi mai zane da gina siffofi da yumɓu, wanda hannunsa ba ya bin abin da ido ya gani. Ya taɓa zana Waziri da baki biyu, abin da har gobe Waziri bai yafe ba. Ya zana Gimbiya da lambu yana tsirowa daga kanta, ita kuwa tun ranar ya kwanta mata a rai.

Tanimu ya ɗauki yumɓunsa ya nufi kogon. Aljanin ya dinga rikiɗa a gabansa, yanzu kura, an jima guguwa. Tanimu ya ce, "Ya kai mai wannan kogo, sallama gare ka. Bar wahalar da kanka da juye-juye, ba ni labarinka."

Gurmuzu ya daina rikiɗa, ya ce, "Ya kai ɗan Adam, tun da aka halicce ni ba wanda ya taɓa yi mini sallama sai kai. Kowa gudu yake, ban san abin da suke gani ba."

Yana magana Tanimu yana murza yumɓu. Ya gina tsoho mai dogon wuya zaƙwal saboda leƙen hanya, ido ɗaya na kuka ɗaya na dariya, hannuwa shida duk a miƙe suna neman gaisuwa. A ƙirjinsa ya buɗe taga, da ɗan tsuntsu yana leƙowa.

Aljanin ya daɗe yana kallo. Can ya fashe da dariya har hawaye, ya ce, "Ashe haka nake. Wallahi ban yi muni ba." Don tsananin murna ya fizge marfin gorar da garaje, launuka suka tarwatse, kowanne ya sauka inda ya ga dama. Jakuna suka zama shuɗi, kogi ya koma ruwan ɗorawa, gemun Sarki ya yi kore shar.

Gari ya ruɗe da guɗa, marina suka buɗe. Gimbiya da kanta ta shaida wa mahaifinta zaɓinta, aka ɗaura aurenta da Tanimu, Gurmuzu yana sahun gaba yana gaisawa da jama'a har hannunsa ya gaji. Da aljanin ya nemi izinin gyara gemun Sarki, sai Jatau ya shafa shi, ya yi murmushi ya ce, "Gyara jakunan. Wannan kam bar mini abina."