Fuskar Ƙarshe a Allon Aski

Akwai wani mai zane a Malanville, garin da ke bakin iyaka da Nijar, ana ce masa Hamani. Yana rubuta allunan shaguna iri-iri, amma an fi saninsa da allon masu aski, wanda ake jera kawunan maza a kai, kowanne da salon askinsa.

Hannunsa yana da kyau, ba mai musu. Sai dai duk kan da ya zana, idanunsa a rufe suke, kuma ba rufewar barci ba. Leɓuna sun ɗan kumbura, fata ta yi toka-toka. Mutane sukan tsaya su duba, su wuce ba su san abin da ya dame su ba.

Hamani maraya ne. Ya tashi a Madécali a hannun kawunsa Ango, masunci, wanda ake kira duk lokacin da gulbi ya turo gawa. Yawancinsu baƙi ne, masu tsallakawa a ƙananan jirage don kauce wa duwan, wato kwastan. Gawar ruwa ba ta jira, a ranar ake binne ta, ga shi babu mai ɗaukar hoto a ƙauyen. Sai Ango ya riƙa zaunar da yaron, ɗan shekara goma, a gaban mamaci, ya ba shi gawayi da takardar buhun siminti.

"Dube shi da kyau," yakan ce. "In mun ruhe shi, kai ɗai ka san kamatai."

Haka ya koyi zane. Bai taɓa koyo a kan mai rai ba.

Idan dangi suka zo cigiya, sai a baje musu takardun. Da Ango ya rasu, fuskoki goma sha bakwai suka rage babu mai su. Hamani ya shigo gari da su. Ya lura cewa duk namijin da ya tsallako gada daga Nijar, wata rana sai ya zauna a gaban mai aski. Sai ya riƙa sa fuskokin a alluna, bai gaya wa kowa ba sai wanda ya tambaya.

Cikin shekara ashirin an gane goma sha shida. Saura ɗaya: wani mutum mai dogon wuya, da tabo ya raba masa girar hagu biyu. Shi yake sawa a tsakiyar kowane allo.

Ana nan, wani matashi ɗan Gaya mai suna Rachidi ya buɗe shagon aski kusa da kasuwa, da manyan madubai da fanka biyu. Ya sa Hamani ya yi masa allo. Ranar da aka kawo, ya dube shi ya kwashe da dariya.

"Malam Hamani, mi ne wanga? Aski na ce ka zana min ko makabarta?"

"Na tsakiyan mamaci ne," in ji Hamani. "Baƙo ne. Danginshi nike nema."

Dariyar ta tsaya. Rachidi ya ja da baya yana karkaɗe hannu.

"A'uzu billahi! Gawa za ka rataya min a ƙohwa, mutane su zo su miƙa min wuya ina riƙe da reza?"

Kafin magariba zancen ya zagaye kasuwa, Rachidi yana ba da shi yana ƙara masa gishiri. Cikin mako biyu masu aski suka sauke allunan Hamani, wasu suka kankare, wasu suka ƙone. Aka maye su da hotunan 'yan ƙwallo na inji. Babu bango ɗaya a garin da ya rage wa mai tabon gira.

Hamani ya koma wurin Rachidi.

"Ban zo hwaɗa ba. Ka rataya shi zuwa layya kawai, lokacin da mutanen ƙetare ka cika gari. Bayan nan ka yi yadda ka so."

"Yana bayan shago. Mai tuyar ƙosai za ta ɗauka Juma'a, itace ya yi tsada."

Ranar Alhamis mahaifiyar Rachidi, Azumi, ta zo daga Gaya ganin sabon shago. Da azahar ta ɗauki buta ta zaga baya. Wurin ya yi caɓi, sai ta jawo wani allo da ke jingine da bango don ta taka. Ta juyo shi.

Rachidi ya gama kai ɗaya, ya gama na biyu, ba ta dawo ba. Da ya leƙa, ya same ta zaune a cikin caɓin, buta ta kife, yatsanta a kan girar mutumin tsakiya.

"Inna, lahiya?"

"Wa ya ga ubanka?"

Uban Rachidi, Na-Allah, ya tsallako aikin gonar albasa tun Rachidi yana shekara uku, bai koma ba. Wani direba ya ce ya gan shi a Kwatano da wata mata. Da wannan Rachidi ya girma. Ya hana a ambaci sunan a gabansa, kuma bai taɓa yi masa addu'a ba ko sau ɗaya.

"Inna, tashi. Wani taɓaɓɓe ne ke zana gawarwaki."

"Tabon ga saniyarmu ta yi mai shi," ta ce, ba ta ɗago ba. "Ni na wanke jinin."

Suka ɗauki allon suka tafi, suka tarar da Hamani yana wanke buroshi a ƙofar ɗakinsa. Ya dubi allon, ya dubi matar, ya shimfiɗa mata tabarma. Ya tambaye ta shekara, ta faɗa. Ya tambaye ta launin rigar da ya fita da ita, ta faɗa.

"Shi ne," in ji Hamani. "Kwana ukku kahin layya muka same shi a cikin ciyawar bakin gulbi. Ya ɗaure leda a ƙugu, ɗaurin da ruwa bai kwance ba. Takalman roba ne a ciki, jajaye, sabbi. Na ƙaramin yaro."

Ya auna tsawonsu da tafin hannunsa.

"Gida za shi, Hajiya."

Azumi ta ja mayafi ta rufe fuska. Rachidi yana tsaye yana kallon tafin hannun nan har Hamani ya sauke shi.

Washegari suka hau babura zuwa Madécali. Kabarin yana gindin wata tsamiya, gonar shinkafa ta matso har gefensa. Hamani bai yi lalube ba, kai tsaye ya je ya tsaya. Rachidi ya ɗaga hannuwa zai yi addu'a, sai ya tsaya. Shekara talatin yana tsine wa mutumin da ke kwance a nan.

"Malam, mi zan ce?"

"Fara da sunanshi."

Ya faɗa. Muryar ba ta fita da kyau ba, sai ya sake faɗa.

Bayan layya Rachidi ya bi masu aski ɗaya bayan ɗaya yana warware abin da ya faɗa. Wasu suka je wurin Hamani neman sabon allo, ya karɓi aikin. Ya zauna gaban farin katako tun safe har la'asar, buroshi a hannu, babu fuskar da ta zo masa. Ya gwada kwana uku, ya bari.

Yanzu haruffa kawai yake rubutawa. Rachidi ya taɓa tambayarsa ko hannun ne ya gaji.

"Hannu lahiya lau," in ji Hamani. "Su ne suka tahi. Ba sauran mai jira."

Darasi: Kada ka yi wa aikin mutum dariya kafin ka san wahalar da ta koya masa shi, kuma kada ka yanke wa wanda ba ya nan hukunci da maganar mutum ɗaya. Wanda ka wulaƙanta yau, wataƙila amanarka yake riƙe da ita. Ku tura wa 'yan uwa su karanta, kuma ku tuna da mamatanku a addu'a.